Aikin Hannun Malam Idi a Filin Ƙwallon Kwaleji

Agege

Ranar Asabar, sati biyu bayan na fita takaba, muka bar gida da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ni da babban ɗana Sani. Mijina marigayi, Malam Idi, magini ne. Ya daɗe yana aiki a filin ƙwallon wata kwaleji da ke wajen Ikorodu, amma ban taɓa ganin wurin ba. An ce mana ranar Litinin za a rushe tsohon ɓangaren don a faɗaɗa filin. Na ce sai na ga aikin hannunsa kafin nan.

Mile 12

Mun shiga danfo, ƙaramar bas ta haya, muka bi ta Ogba. Bakwai saura kwata muka iso Mile 12, motocin tumatir sun tare hanya. Sani ya sayo mana koko da ƙosai. Direban, ɗan Zariya ne, ya ji inda za mu, ya yi dariya.

"Hajiya, wace lamba kike bugawa?"

"Mai tsaron gida," in ji ni, ni ma ina dariya. Rabona da dariya tun rasuwar.

Kwaleji

Takwas da rabi muka isa. Maigadin dattijon Bayarabe ne, Hausarsa ta Agege ce. Da Sani ya ambaci sunan babansa, sai ya miƙe tsaye.

"Iyalin Oga Idi ne? Allah ya jiƙansa. Ku shigo, Iya."

Ya zagaya da mu yana bayani. Da can fili ne kawai, da shingen gora da bencina. Daga baya su Malam Idi suka zuba matakalan siminti ta yamma, don kada ranar la'asar ta shiga idon 'yan kallo. Sai rufin kwano ya biyo baya. Yanzu bene za a ɗora a kan ginshiƙan ƙarfe, matakalan kuwa duk za su tafi. Na zauna a ta uku. Na shafa gefenta, sumul, kamar dokin ƙofarmu.

"To babu abin da zai rage kenan?" na tambaya.

Ya ce mu biyo shi. Ya kai mu bayan ginin, ya nuna wani ɗan dandamali da ya karkace, bai bi layin bango ba.

"Injiniya ya ɗauka kuskuren awo ne, ya ce a fasa. Oga Idi ya ce masa, ranka ya daɗe, awo daidai yake, alƙibla ce. Leburori ya yi wa. Yanzu ɗalibai ke salla a kai, shi ya sa sabon zanen ginin ya kauce masa."

Sani ya juya baya yana goge fuska. Na cire takalmi, na hau, na yi raka'a biyu.

Gida

Ƙarfe biyu muka dawo Agege lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa dattijon nan da ko sunansa ban tambaya ba.