Janairun da Baba Ya Ƙi

Duk sha biyar ga Janairu, in na ji busar bigila a rediyo ana tunawa da sojojin da suka kwanta dama, Baba ne ke faɗo mini a rai, shi da taurin kansa. Na gada, ba na musu.

Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama a lokacin yaƙin duniya na biyu. A zamaninsu sha ɗaya ga Nuwamba ake wannan taro, ranar da Turawa suka tsayar tun ƙarshen yaƙin duniya na farko. Da yaƙin basasa ya ƙare ran sha biyar ga Janairu, gwamnati ta ga ai mu ma mun sami tamu ranar, aka mai da taron can. A Zuru, inda da wuya ka shiga gidan da bai ba da soja ba, kowa ya bi. Ban da Baba.

In Nuwamba ta zo, dawa na tsaye a gona, sai ya maƙala lambobinsa a riga, ya ƙame a ƙofar gida shi kaɗai, awaki na gilmawa. Kunya kamar ta kashe ni. In Janairu ce kuwa, abokansa su biyo masa, ya ce yana gyaran rumbu.

Na daɗe ina ɗauka son Turawa ne. Bayan na yi aure na ce masa, "Baba, mutane fa dariya suke maka."

Ya kalle ni ya ce, "Waɗanda nike tsayawa dominsu, ni na rufe su da hannuna. Wa ya gwada mani gawar yayanki? In na tsaya a Janairu, na rufe shi ke nan."

Yayana ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba. Ba gawa, ba takarda. A gidanmu ba a taɓa cewa ya rasu ba, ba a karɓi gaisuwar kowa ba.

Shekarar da ƙafafunsa suka gaza, ran sha biyar ga Janairu da hantsi, Baba ya aika a kira ni. Na tarar ya shirya. Ya ce, "Nemo mai babur."

A filin taro da aka busa bigila, ya nemi miƙewa ya kasa. Ni na tallabe shi har aka gama.

Da muka koma gida, bai zauna ba sai da ya kira Inna, mahaifiyarmu. Ya ce, "Gobe a kira liman a yi ma yaron nan addu'a."

Inna ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta a hankali. Sannan ta yi kukan da ta fi shekara ashirin ba ta da izinin yi.