Ginin da Malam Tanimu Ya Ƙi Ƙarasawa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba sai tallan yashi da bulo. Yau ba talla ya kawo ni ba.

Ina ɗauke da cutar ƙanjamau, shekara da shekaru. In ban da matata da ma'aikatan asibiti, Malam Tanimu ne kaɗai na san ya sani. Makon jiya muka kai shi makwancinsa.

Wanda ya san ni a Wudil ya san ba wanda ya ɗora ni. Daga sakandare bakin kogi na wuce, ina loda yashi da shebur. Da kuɗin mai ya yi yawa a ƙasa, kowa ya tashi gini, na mallaki tifa biyu. Ina kai wa mutane yashi, ni ina gidan haya, wai sai na tara na gina bene.

Da zazzaɓi abin ya fara. Sai gudawa, sai tari, sai wando ya daina zama a ƙuguna. Na sha allura a kemis, na sha jiƙo. A raina na gama yanke cewa wani abokin sana'a ne ya yi min asiri.

A wani asibiti a Kano aka ɗebi jini, aka karɓi majina, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya rufe ƙofa ya ce akwai tarin tibi, sannan ya faɗi ɗayar.

Na ce, "Likita, ko dai jinin wani kuka ba ni sakamakonsa?"

Aka sake gwadawa. Haka dai.

Aka gwada matata Rabi, ita lafiya lau. Ta ce, "Baban Ummi, ni dai ka sha magani." Ko wannan maganar sai da na yi ta juya ta, ina neman abin da ke ƙarƙashinta.

Lokacin magani ba kyauta ba ne. Tifa ɗaya ta tafi a jinya.

Sai mai gidan da nake haya ya ce in tashi, ɗansa zai yi aure. Ɗan ko firamare bai gama ba. Duk inda na je neman ɗaki, sai a kalli wuyana a ce yanzun nan wani ya kama. Na kai Rabi da yara gidansu a Indabo, ni na koma kwana a gaban tifa.

A bakin kogi Malam Tanimu ya same ni. Tsoho ne, limamin wani ƙaramin masallaci, yana da gidan gado mai ɗakunan haya. Ana raɗe-raɗin yana ajiye masu irin ciwona a tsakanin 'yan hayarsa malaman makaranta da 'yan kasuwa, yadda ba mai gane wane ne wane.

Ya ce, "Habu, yashi nake so, zan ƙara ɗakuna a baya. Amma magina cutata suke yi. Ka dawo gidan ka tsaya min a kan aikin."

Na ce, "Baba Malam, wa ya aiko ka?"

"Sayen yashin ma sai an aiko mutum?"

Na tare, amma idona a buɗe. Na ce ko tifata yake hange. Na ce ko hotunanmu yake kai wa ƙungiyoyi yana karɓar kuɗi, in baƙi suka zo sai in shige ɗaki. Kullum da safe zai zo da koko, ya zauna har in haɗiye ƙwayoyina, bai taɓa tambayar na mene ne ba. Moɗar da na ajiye ita yake ɗauka ya sha. Na ce wannan ma don a gani ne.

Gini kuwa ya kai linta ya tsaya. Yau siminti ya yi tsada, gobe a bari damina ta wuce. Har bango ya sa aka rushe, wai taga ba ta yi masa ba.

Rannan bayan la'asar na tare shi a zaure.

"Baba Malam, in kuɗin mutane kake ci da sunan gini, kada ka sa ni a ciki."

Ya yi dariya har da tari. "Kai dai Habu, ko ruwa aka ba ka sai ka leƙa gindin moɗa. In ginin ya ƙare, aka tambaye ka me kake yi a gidana, me za ka ce?"

Sai na ce, "To wa ya faɗa maka ciwona?"

"Ka yi ƙiba tukuna."

Na yi ƙibar. Wata-wata ina sammako Kano, a bi layi, a hau sikeli, a karɓi magani. Tari ya tafi. Wata rana likita ya ce ƙwayar cutar ta kwanta, amma kada in kuskura in daina sha. Na ƙarasa ginin da kuɗina, na kama wani gida, na dawo da Rabi. Wanda ya faɗa wa Malam kuwa, har ya koma ga Allah bai gaya min ba. Har yau ina da mutum biyu da nake zargi.

Abin da ya sa na yi magana: ana zaman makoki na ga dillali yana zagaya ɗakunan baya, yana ƙirga tagogi, alamar magada za su sayar. Alhali a gabana Malam ya taɓa cewa ɗakunan nan waƙafi ne ga wanda aka kora saboda ciwo. Da na faɗa, wani cikin dangin Malam ya ce, "Kai ba mai kawo yashi ba ne? Me ya haɗa ka da zancen?"

To ga abin da ya haɗa ni.

Na gode wa Allah. Na gode wa Rabi. Allah Ya haskaka kabarin Malam Tanimu.

Wanda yake ramewa ya je a gwada shi, ya bar zancen asiri. Wanda ya fara magani kada ya tsallake ko ya ji garau. Masu gidajen haya, ba a ɗaukar ciwon nan a moɗa ko a buta.

Akwai mutane a ɗakunan nan yanzu haka, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba. In an kira ni gaban alƙali zan zo, da katin asibitina a aljihu.