Sunan Inna ta Gabas

Shekarun baya, lokacin 'yata tana firamare a nan garin Beltsville da ke jihar Maryland, ta dawo gida wata rana a watan Maris da aikin makaranta. A watan ne suke tunawa da matan da suka yi fice a tarihi. An ce kowace yarinya ta zaɓi mace ɗaya da ta rayu a farkon ƙarnin da ya wuce, ta yi shigarta, ranar taro ta tsaya a zauren makaranta kamar gunki. Za a manna mata ɗan maɓallin takarda a bayan hannu, duk wanda ya danna sai ta buɗe baki ta ba da tarihin matar, ta fara da "Sunana wance."

Ina tuƙa tuwo take faɗa min waɗanda ƙawayenta suka ɗauka: mai tuƙa jirgin sama, mai binciken kimiyya, masu fafutukar a bar mata su jefa ƙuri'a. Ni kuwa da ma ba a bar ni a baya ba wajen cika baki in dai maganar gida ce. Na ajiye muciya na ce, "Mu ma ai muna da tamu. Kakar Hajiya da ƙafa ta je Makka ta dawo. Wace ce a cikinsu ta taka ko rabin haka?"

Yarinya ta zaro ido. Nan take ta ce ita za ta yi.

Hajiya ita ce mahaifiyata. Tun bayan rasuwar mahaifina muka ɗauko ta daga Kano ta zauna tare da mu. A shekarar mantuwa ta fara taɓa ta: ta kan sa makulli a firiji, ta kan tambayi maigidana ko ya ci abinci alhali ita ta zuba masa. Amma tsofaffin labarai suna nan daram a kanta. Da na ce mata jikarta za ta yi shigar kakarta a makaranta, sai fuskarta ta washe, rabon da in gan ta haka har na manta.

Ta zaunar da yarinyar ta ba ta labarin da na sha ji tun ina ƙarama. Kakar nan ta bi ayarin alhazai ita da mijinta, zamanin Turawa ba su daɗe da cin ƙasar ba. Mijin ya rasu a hanya, can cikin Sudan. Aka ce ta juya gida, ta ƙi. Ta yi aikatau a gonakin mutane, ta koyi karɓar haihuwa a hannun matan can, da haka ta lallaɓa har ta ga Ka'aba. Sai da aka fid da rai da ita, har an yi mata sadaka, sannan ta shigo gari da furfura da sanda. Ta buɗe ɗakinta ga matan aure suna zuwa ɗaukar karatu, kuma kusan duk wanda aka haifa a unguwar a hannunta ya faɗo. Kowa Inna ta Gabas yake ce mata. Ita ta riƙe mahaifiyata tun daga yaye.

Hajiya ta buɗe akwatinta ta fito da wani tsohon carbi da tandun kwalli, ta ce na Inna ne. Ta nuna wa yarinyar yadda Inna take ɗaura zani a ƙirji, da yadda take dogara sanda. Mu kuma muka nemo sandar a wani kantin kayan tsofaffi. Malamar ajin, Baturiya mai kirki, ta ce ba sai da hoto ko littafi ba, labarin baki ma tarihi ne. Suna kawai take so.

Sai 'yata ta tambaya, da guntuwar Hausarta mai ƙamshin Turanci, "Kaka, mene ne neim ɗinta?"

Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. "Ke ƙawata, rufa min asiri! Ni in kama sunan Inna? Matar da ta goye ni? Tafi can, ba ki da ta ido."

Ni ma na yi dariya, don na san halin kayana. Ni ce 'yarta ta fari, kuma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, ko "'yar nan". Ko a asibiti aka tambaye ta wa ya kawo ta, nuna ni take yi da haɓa. Na ce wa yarinyar ta kwantar da hankalinta, zan lallaɓa kakar tata. Na yi ta bin Hajiya: ki raɗa min a kunne, ki faɗi farkonsa ni in ƙarasa. Kullum amsa ɗaya ce, "Bari dai, 'yar nan. Da nauyi."

Ranar taro ta matso. Wata Lahadi bayan la'asar, Hajiya tana kan dardumarta, ta ga yarinyar ta zauna ta yi tagumi. Sai ta yafuto ta. "Zo, ƙawata. Allah Ya yafe min, zan faɗa miki, amma sau ɗaya. Kawo kunnenki."

Yarinyar ta durƙusa. Hajiya ta kama kan yarinyar da hannu biyu, ta kai baki kunnenta. Ina tsaye a bakin ƙofa ina murmushi. Na ga leɓen Hajiya yana motsi, babu abin da ya fito. Ta saki yarinyar, ta dube ni, ta dubi carbin da ke hannunta.

"Tsaya," ta ce. "Yanzun nan yake bakina."

Muka tsaya. Ta lumshe ido, ta yi salati, ta sake gwadawa. Sai hawaye.

"Na ajiye shi," ta ce. "Shekara da shekaru ina ajiye da shi, ban taɓa fito da shi ba. Ga shi na zo ɗauka ban san inda na sa shi ba."

Ban taɓa jin jikina ya yi sanyi kamar ranar ba. Na ce, "Hajiya, zai dawo, kada ki matsa wa kanki." Ta ce, "To wa zan riƙa yi wa addu'a? A zuci nake kiransa in na idar da sallah." Na ce Allah Ya san wadda take nufi. Ta gyaɗa kai, amma ba ta daina kukan ba.

Na shiga buga waya gida. Kawuna ya ce, "Inna? Ai Inna ce. Mu da muka taso ma ba mu ji wani ya kira ta da wani abu ba." Wata gwaggona ta ba ni suna da ƙarfin gwiwa, wata ta ce sam, wannan na ƙanwar Inna ne. An taɓa yi wa Inna takwara guda, ita ma Inna Ƙarama aka yi ta kiranta har ta koma ga Allah, 'ya'yanta kuwa sun watse. Na karanto wa Hajiya sunayen da aka ba ni, tana girgiza kai. Wata ƙawata da ke garin Manassas ta ce, "Ke ma da neman wahala. Sunayen matan da guda nawa ne? Ɗauki ɗaya ki ba ta mana, tica ɗin ta sani ne?" Har na so in bi shawararta. 'Yata ce ta ƙi. Ta ce ba za ta tsaya gaban Kaka ta faɗi sunan da ba shi ba.

Ranar taro muka je har da Hajiya. Ga yara nan jere, wannan da hular matuƙin jirgi, waccan da farar rigar ɗakin bincike. Tawa tana can ƙarshe da zani a ƙirji da mayafi, an shafa mata hoda a gira, ta dogara sanda. Na danna maɓallin. Ta ɗago kai ta ce da Turanci, "Ana kirana Inna ta Gabas. Ina da suna, amma ya ɓata." Sannan ta ba da labarin tsaf, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Wata dattijuwa baƙar fata 'yar ƙasar nan, da ta zo kallon jikarta, ta kama hannuna idonta cike da ƙwalla. Ta ce ta san wannan ciwon, su ma haka aka ƙwace wa kakanninsu sunaye zamanin bauta. Ta yaya zan yi mata bayani cewa mu babu wanda ya ƙwace namu? Mu da kanmu muka girmama matar nan har sunanta ya salwanta.

Ina cikin wannan sai na juya na ga Hajiya ta saki hannun maigidana. Ta je gaban yarinyar, ta cire takalmi, ta durƙusa a kan tayil ɗin makarantar da gwiwoyinta masu ciwo.

"Inna, sannu da hanya," ta ce. "Inna, ki gafarce ni. Na manta sunanki."

Yarinyar ta dube ni. Sai ta ɗora hannu a kan kakarta ta ce, da Hausar da ban san tana da ita ba, "Ba komai. Tashi."

Sunan bai dawo ba. Mantuwar ta ci gaba da cin Hajiya a hankali, har ta kai ni ma sai ta dube ni ta gaishe ni kamar baƙuwa. A nan Maryland muka binne ta, Allah Ya jiƙanta Ya haɗa ta da Innarta.

Har yau ban ga laifin kunyar nan tamu ba, da ita aka raine ni, kuma ƙauna ce tsantsa. Sai dai a gida akwai unguwa, akwai tsofaffi, akwai wanda zai riƙe abin da kai ba ka iya faɗa. A nan kuwa daga ni sai yarinyar da ke amsa min da Turanci. In na yi shiru, shi ke nan.

Bayan sadakar bakwai na kira 'yata ɗaki. Ta san sunan kakarta a takardun asibiti, amma ba ta taɓa jin sa a bakina ba. Na faɗa mata shi, da na mahaifiyar Hajiya, da na mahaifina. Harshena ya yi nauyi kamar na ɗauki turmi da shi, na yi ta waige-waige kamar Hajiya za ta leƙo ta ce ba ni da ta ido. Na sa ta maimaita har ya zauna.

Carbin da tandun suna wajenta yanzu, ta tafi da su jami'a. Ni kuwa ga shi na ba ku labarin nan tun daga farko har ƙarshe, ku duba ku gani: ko a nan hannuna ya kasa rubuta sunan mahaifiyata.