Tazarar Mita Ɗari Biyu: Ta'aziyyar Pak Kirno Bakanike

Ranar Lahadi, sha ɗaya ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Pak Sukirno, bakaniken babura na unguwarmu a Bekasi ta ƙasar Indonesiya, wanda kowa ya sani da Pak Kirno, wato Malam Kirno. Ya rasu yana da shekara sittin da uku, a wani ƙaramin asibiti da ke gefen hanyar Puncak, bayan ciwon ƙirji ya kama shi a kan hanya. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. A daidai sa'ar da ransa ke fita, mu talatin da muka fito da shi daga gida muna can saman dutse, muna cin gasasshiyar masara muna ɗaukar hoto.

Sunana Darmaji, ana ce mini Mas Maji, wato Yaya Maji, ni ne magatakardan ƙungiyar masu manyan babura da ake kira Baƙin Ƙarfe. An ce in rubuta ta'aziyya a sa a shafin ƙungiya, in ce mun yi rashin ɗan'uwa. Na zauna na gwada, hannuna ya ƙi. Wannan ce na iya rubutawa, kuma na san ba za su sa ta ba.

Pak Kirno, shekara ashirin da biyu kana gyara mana babura. Tun mutum yana bakin lungu kake jin kukan injinsa, kafin ya sauka ka gaya masa abin da ke damunsa. A garejinka wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Na tuna ranar da shugabanmu, Pak Bram, ya kawo babur ɗinsa ƙirar Amurka ya tarar kana fama da sarƙar wani mai tallan awara. Ya tsaya yana huci, ya ce, "Kirno, ka san ko mene ne wannan da na kawo?" Ka ɗago kai kana murmushi ka ce, "Babur ne, Pak. Wannan ma babur ne, kuma awararsa na hucewa. Ga kujera, Bu Lasmi za ta kawo kofi." Haka ya zauna ya sha kofin matarka yana hararar mai awara.

Ban manta da wani azumi ba, da babur ɗina ya mutu a kusa da Cirebon cikin ruwan sama. Na kira ka don kawai ka gaya mini abin da zan taɓa. Bayan awa huɗu sai ga ka a jiƙe sharkaf a kan ɗan babur ɗinka, irin wanda muke kira agwagwa, da akwatin sifanu a ɗaure a baya, da dabino uku a leda saboda ka san magariba za ta riske ni a hanya. Ka ba ni biyu ka ci ɗaya. Da muka kama hanyar gida, na buɗe wuta na bar ka a baya, don kada wani sananne ya gan ni ina jerawa da agwagwa. Yau ne karo na farko da na faɗi wannan.

Mu dai ga irin mutanen da ka yi wa hidima. Ranar Lahadi mukan taru a shagon kofi, mu jera babura a ƙofa, mu zauna muna cin naman juna. Masu ƙirar Amurka su ce masu ta Japan injin ɗinki suke hawa. Masu ta Japan su ce mai ƙirar Amurka ƙara ya saya, babur gyara aka ba shi. Mai ƙirar Italiya, a ce rabin shekara a gareji yake kwana. Mai ta Jamus, a ce likitan haƙori ne da ya sayi kayan ƙetare sahara alhali iyakarsa shagon kofi. Wani ba ya ɗaga wa wani hannu a titi sai tambarin tankinsu ya zo ɗaya. Abu guda ke haɗa kanmu, shi ne raina na ƙasa. Duk mai agwagwa ɗan acaɓa ne a wurinmu, duk matar da ke kan ƙaramin babur kuwa, da yake Bu ake kiran mace babba a nan, cewa muke, "Ku yi hattara da Bu, ta sa sigina hagu, dama za ta yi." Sai a kwashe da dariya, manya da mu, masu furfura, wasunmu har da jikoki.

Ba ma iya tafiya mai nisa sai da kai, amma ba ma son a gan mu da kai. Shekara tara da suka wuce Pak Bram ya ce agwagwarka tana ɓata mana bidiyo. Aka yi taro, aka kafa doka cewa bakanike zai riƙa bin ayari da tazarar mita ɗari biyu, in an tsaya cin abinci kuma ya ajiye babur ɗinsa a bayan gini. Ni na rubuta dokar da hannuna, ni aka aika in karanta maka. Na same ka a gida kana cin shinkafar kwakwa, Bu Lasmi tana tsaye a bakin ƙofa. Da na gama, ka sha ruwa ka ce, "Ba komai, Mas Maji. Daga baya an fi ganin wanda ya faɗi." Sannan ka juya wurin matarka kana dariya. "Bu, kin ji ko? To ranar da na mutu, agwagwata ce za ta ɗauki tuta ta shiga gaba. Sau ɗaya dai ta ga yadda titi yake in babu hayaƙin wani a gabanta." Ni na yi dariya. Bu Lasmi ba ta yi ba.

Ran Lahadin nan, da muka fara hawan dutse, babur ɗin wani sabon ɗan ƙungiya ya tsaya. Ka gyara masa, ya buga ya bi ayari, ko waiwaye bai yi ba. A nan ciwon ya kama ka, ka zauna a gindin wata bishiya a gefen gonar shayi. Mu kuwa sai da muka yi awa biyu a sama kafin wani ya ambaci sunanka, shi ma don babur ɗin Pak Bram ne ya ƙi tashi. Abin da ya ce shi ne, "Ina Kirno ya maƙale ne? Tsohon nan ya fara lalaci."

Wadda ta tsaya a kanka wata mai tallan kayan miya ce, Bu Enah, a kan ƙaramin babur da kwandunan kabeji a gefe da gefe, irin matan da muke yi wa dariyar sigina. Ita ta tare 'yan acaɓa biyu suka kai ka asibiti, ita ta laƙƙana maka kalmar shahada. Da labari ya iske mu na isa asibitin, na same ta zaune a kan benci riƙe da hular kwanonka. Ta dubi falmaran ɗin fata da ke jikina ta ce, "Pak, ku ne mutanensa? Masu irin rigar nan sun wuce shi har ayari biyu, ina ɗaga musu hannu. Ɗaya ma hon ya yi mini wai na tare hanya." Ayarin ba namu ba ne, amma da mu ne, na san ba za mu tsaya wa agwagwa a gefen titi ba.

Washegari da safe aka shirya kai ka makwanci. An ɗaura rawayar tutar mutuwa a bakin lungu, maƙwabta sun cika rumfa, 'yan acaɓa sun fi ɗari. Sai ga ƙungiya ta iso, babura talatin an wanke an goge, suna ta ruri a ƙofar gidan makoki har limami ya dakata da addu'a. Pak Bram ya kawo sabon falmaran da sunanka a baya, wai an ba ka matsayin ɗan ƙungiya na girmamawa, ga mai ɗaukar bidiyo a bayansa. Shekara ashirin da biyu ba a ga ka cancanci rigar ba sai da ka shiga likkafani. Ya kuma tsara cewa manyan babura ne za su buɗe hanya a gaban motar gawa. Ban taɓa jin ƙyamar rigar da ke jikina irin ta wannan safiya ba.

Bu Lasmi ba ta karɓi falmaran ba. Ta sa aka kira ni ciki, ta miƙo mini makullin agwagwa da hular kwanonka, ta ce, "Mas Maji, kana wurin ranar da ya yi maganar tuta. Ɗansa yana cikin mota tare da shi. Kai za ka hau." Ina jin kunyar faɗa, amma sai da na yi jim, ina tunanin idon 'yan ƙungiya. Sannan na tuɓe falmaran na ajiye a kan tabarma, na sa hularka, na ɗaura tutar a jikin madubi. Bugu ɗaya ta tashi.

Na fito bakin lungu na tsaya a gaban motar gawa. Pak Bram yana kan babur ɗinsa, bai gane ni ba saboda gilashin hular. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kai ɗan acaɓa, koma baya. Nan wurin manya ne." Shekara goma sha biyar muna cin abinci a faranti ɗaya da mutumin nan. Na ɗaga gilashin. Ya dube ni, ya dubi babur ɗin, ya ce, "Maji, ka haukace? Ana ɗauka fa. Sauka daga kan abin nan."

Kafin in amsa, Bu Lasmi ta zuge tagar motar. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk wanda ke wurin ya ji. Ta ce, "Pak Bram, mun gode da zuwa. In za ku raka shi, ku bi mu a baya, ku bar tazarar mita ɗari biyu. In mun isa, akwai wurin ajiye babura a bayan gini." Ta rufe tagar.

'Yan acaɓa suka zuba a bayan motar, suka cike titi, ƙungiya ta koma can ƙarshe. Wasu sun bi, wasu sun juya tun a mahadar farko, na ji daga baya a shagon kofi suka ƙare. Ni kuwa na ja gaba a hankali, tuta tana kaɗawa, motoci suna kaucewa, masu shago suna miƙewa tsaye. A kan hanyar na lura da madubanka. Duka biyun ka karkatar da su, ba sa nuna komai sai sama, domin shekara tara babu kowa a bayanka da za ka duba. Na tsaya a gefen gada na gyara su da hannuna, sai ga motar gawarka a ciki, ga jama'a iya ganina. A nan kuka ya ƙwace mini cikin hularka.

Pak Kirno, na bar ƙungiya, amma ba na ɗaukar wannan a bakin komai, domin dokar da ta bar ka kai kaɗai a gindin bishiya da rubutuna take. Ban nemi gafararka kana da rai ba, ga shi ina nema a takarda. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Allah ya sa kowace tafiya da ka yi cikin ruwa da rana don ka ceci wanda ya maƙale ta zama nauyi a mizaninka, ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bu Lasmi, da 'ya'yansa Sigit da Wulan, da jikokinsa, da 'yan acaɓar unguwa da suka yi rashin uba. Allah ya ba ku haƙuri ya tsaya muku. Bu Enah, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ke ma a tsaya a kanki ranar da kike bukata. Mu da muka rage, Allah ya shirye mu ya kyautata ƙarshenmu.

Kai kuma, Pak, saƙonka ya isa. Agwagwa ta shiga gaba, kilomita bakwai daga ƙofar gidanka zuwa maƙabarta, babu hayaƙin kowa a gabanta, kuma ko sau ɗaya ba ta yi tari ba.