Bokitin da Na Ajiye wa Binta

Har gobe ba zan manta da wata Laraba cikin damina ba, lokacin ina ma'aikacin ɗakin gwaji a wata kwaleji nan Katsina. Malamai ke koyarwa, ni aikina shirya kaya.

A ƙa'ida, ɗalibin ajin ƙarshe sai ya nuna aikinsa gaban farfesan da ake gayyatowa daga wata jami'a. Wanda ya faɗi, sai baɗi. Binta, wata ɗaliba 'yar Batagarawa, ta zaɓi abin da ba mu taɓa yi ba. Idan jirgin ruwa ya yi gudu a matsattsiyar hanya marar zurfi, yakan turo igiyar ruwa guda ɗaya tak, kamar tozo, ta wuce gabansa tana tafiya ba ta watse ba. Wannan igiyar ce Binta ke son nunawa.

Wani mai walda a Ƙofar Kwaya ya haɗa mana dogon kwami na zuba ruwa, muka kafa shi a waje, bayan ɗakin gwajin, don tsawonsa. Ƙaramin inji ke jan ɗan jirgin katako da zare a cikin kwamin. Sati uku muna gwadawa, kullum tozon na fitowa.

Ranar jarrabawar, farfesa ya tsaya, Binta ta kunna inji. Jirgi ya tafi, ba komai sai 'yan ƙananan igiyoyi. Ta sake, haka dai.

Farfesa ya duba agogo. "Malama Binta, mu wuce na gaba?"

Sai na lura layin fentin da muke auna ruwa da shi ya nutse. Ashe ruwan asuba ya zubo ta indararo cikin kwamin, kuma ban duba ba. Ba ni da hurumin magana a jarrabawa. Na ɗauko bokiti na dire kusa da ƙafarta, na koma gefe.

Ta dubi bokitin, ta dubi ruwan.

"Ranka shi daɗe, ruwan ne ya yi zurfi. In zurfi ya ƙaru, igiya na fin jirgin sauri, ba ya iya tara ta. A ba ni minti biyar."

Muka kwashe ruwa har layin ya bayyana. Ta kunna. Tozon ya taso sumul, ya bar jirgin a baya. Farfesa, da babbar rigarsa, ya bi shi da sassarfa har ƙarshen kwamin yana dariya.

"Sake mini!" in ji shi.

Ni kuwa sai da na nemi benci na zauna.

Tun daga ranar, kayan da suka yi aiki jiya sai na sake duba su da safe. Ku ma masu irin aikina ku riƙa yi. Kuma in ɗalibi ya rikice, kada ku yi saurin ba shi amsa. Sau da yawa ya sani, tsoro ne ya rufe shi.