Hadiza Ta Koma Sanarwar Ɗaurin Aure

"Malam, sun cire ni daga labarai, sun mayar da ni sanarwar ɗaurin aure."

Hadiza ce a waya jiya, tsohuwar ɗalibata a Birnin Kudu, yanzu ma'aikaciyar wani gidan rediyo.

Edita ya rubuta mata cewa jam'iyya mai mulki za ta "samo kuɗin raya ƙasa", ta adawa kuwa za ta "jefa jikokinmu cikin bashi". Alhali duk biyun bashi za su ciyo. Ita kuwa ta karanta "bashi" a kan kowacce.

Na ce, "'Yata, kin yi nadama?"

Ta yi dariya. "Su mayar da ni gobe, Malam, haka zan sake karantawa."

Manomin Kiyako ne zai biya, ko wa ya ciyo. Jama'a, ina laifinta?