Mai Fensir ta Ɗakin Yara

Bakwai saura kwata take shigowa asibiti, ko ana ruwa ko ana rana. Ta rataye jakarta a ƙusar da ke bayan ƙofa, ta wanke hannu, ta yi bismillah, sannan ta bi gadajen nan goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa goshin wannan, ta duba robar ƙarin ruwan wancan, ta tambayi uwa ko yaro ya yi fitsari. Sai ta gama da yara take zuwa gaban takardar da ke manne a bango, inda ake rubuta wace nas ce za ta yi safe, wace ce yamma, wace ce za ta kwana. Sai ta zaro fensir daga aljihu. Saboda shi ne mu iyayen da muka saba da ɗakin muke ce mata Mai Fensir. Ita ce shugabar nas-nas a ɗakin kwanciyar yara na asibitin unguwarmu, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya bayan shekara talatin da biyar tana aiki.

Na san ta ne ta dalilin autata, wadda Allah ya jarrabe mu da ciwon sikila a jikinta. Duk uwar da ta san ciwon nan ta san ba ya sallama. Yarinya tana cikin wasa, sai ƙashi ya ɗauka, sai kuka. Daga gidanmu zuwa ɗakin nan tafiyar minti goma ce, ko da goyo. Babban asibiti kuwa mota biyu ake shiga, in an isa kuma a tarar da layi har waje. In na ce ɗakin nan rabin raina ne, ban yi ƙari ba.

Ranar da na fara kai Auta, tana shekara biyu, suna goma sha biyu ne a takardar bangon. Ban yi boko mai nisa ba, amma na iya ƙirga layi. Duk shekara sai na ga layin ya ragu. Wannan ta samu aiki a ƙasar waje. Waccan an mayar da ita babban asibiti. Wasu suka haihu, suka ga ba za su iya kwanan asibiti da jariri a gida ba, suka ajiye. Biyu suka tsufa suka tafi, ba a kawo madadinsu ba. Kafin Auta ta kai tara, saura mutum shida. Yara marasa lafiya kuwa ba su ragu da ko ɗaya ba.

A cikin shidan akwai wata nas da muke kira Sau Ɗaya, don ba ta soka allura sau biyu. Jijiyar Auta ɓuya take yi, wasu sai sun soka uku ko huɗu, ita kuwa ta lalubo ta yarinya ba ta gama runtse ido ba. Rannan na ji za ta tafi ƙarin karatu, daga can a riƙe ta a babban asibiti, kuma wai Mai Fensir ce ta rubuta mata takardar yabo. Ko mayafi ban gyara ba na tafi na same ta.

Na ce, "Sista, da hannunki kika rubuta?"

Ta ce, "Da hannuna, Maman Auta. Har hatimi na buga."

"Ai da kin ce musu ba ta iya aiki ba."

"In yi ƙarya? Ke da kike tuna mini azahar in aiki ya ɗauke mini hankali?"

"To ki sa takardar a aljihun tebur ta yi wata shida. Ba ƙarya ba ce, mantuwa ce."

Ta yi dariya har da riƙe baki. Sannan ta ce, "Wadda aka riƙe da ƙarfi, jikinta ne kawai a ɗakin, kuma ranar da ta samu ƙofa ko waiwaye ba ta yi. Wadda aka raka har bakin titi da addu'a, ta san hanyar gida."

Na ce, "Hanyar gida ba ta neman jijiya." Na fice abina. Allah ya yafe mini, wata biyu gaisuwar fatar baki nake mata. Ita kuwa ba ta canza wa Auta ko da kallo ba. Sau Ɗaya ta tafi, saura biyar.

Mai shara ce ta buɗe mini ido, wata dattijuwa da ta fi gadajen ɗakin daɗewa. Tana goge ƙasa ta ce mini, "Ke mai ƙirga layi, kin taɓa duba sunan wa ya fi yawa a takardar nan?" Na je na duba. Wurin da aka goge har takardar ta yi laushi, sunan Mai Fensir ne a kai. Ashe nas ɗin da uwarta ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, an goge mata kwana wata uku. Mai jarrabawa an mayar da ita safe. Wadda mijinta ya ce ko aiki ko aure, Mai Fensir ta je har shagonsa, ta zauna a benci, suka tsara ranakun da za ta riƙa komawa gida da wuri. Duk gurbin da aka goge, in babu mai shiga, ita ce ke shiga.

Sista, ke ce kika hana biyar su zama uku. Mu muna ƙirga waɗanda suka tafi, ke kina tallafe waɗanda suka rage. Ke ce gishirin ɗakin nan, ba a ganinki a tukunya, sai an rasa ki a sani.

A farkon shekarar nan takarda ta zo daga ofishin lafiya. Doka ta ce ɗakin kwanciya ba ya tsayawa da nas ƙasa da biyar. Su biyar ne cif har da ita, in ta yi ritaya saura huɗu, sai a rufe ɗakin a mayar da yara babban asibiti. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Baban yara ya ce sai dai mu nemi haya can kusa da asibitin, alhali sana'arsa a nan take. Ni kuwa lissafin mota biyu nake yi da yarinya 'yar shekara goma sha uku da ta fi ƙarfin goyo.

Mai Fensir ba ta tsaya jimami ba. Ta tuna da biyu daga cikin waɗanda suka ajiye aiki saboda jarirai, yaransu yanzu sun shiga makaranta. Suka ce za su iya rabin yini, ba su iya cikakke. Sau bakwai ta taka zuwa ofishin. A zuwa na huɗu muka bi ta, mu uku iyaye, da kunnena na ji.

Jami'in ya ce, "Sista, takardarmu ba ta da layin rabin mutum."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, rabi da rabi ɗaya ne, sai in lissafin ya canza bayan na bar makaranta. In layi ne babu, ga fensir, ja mana."

Ya kau da kai yana murmushi. A zuwa na bakwai ya sa hannu. Ko ta yi ritaya, lissafi ya koma biyar. Amma biyar ɗin nan kamar mai tsaye a bakin rijiya ce, mutum ɗaya ta yi ciki ko ta samu canjin wurin aiki, an koma gidan jiya.

Makon da ya wuce ciwon Auta ya tashi da hantsi. Muna shiga ɗakin, wa zan gani sanye da farar riga? Sau Ɗaya. Ta yi ƙiba, ta sa tabarau. Auta tana cije leɓe don azaba, amma sai da ta ce, "Anti, har yanzu sau ɗaya ne, ko hannun ya tsufa?"

Ta ce, "Miƙo hannu ki gani, sarkin baki."

Sau ɗaya ne.

Bayan yarinya ta samu barci na tambaye ta me ya dawo da ita. Ta ce shekara huɗu, duk ƙarshen wata sai Mai Fensir ta kira ta a waya, ta tambayi lafiyarta da karatunta, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mata ki dawo ba. A bakin mai shara ta ji maganar rufe ɗakin. Ta ce, "Da a ce da faɗa na fita, da kunya ta hana ni neman dawowa. Amma ni raka ni aka yi." Yanzu su shida ne ko bayan ritayar, kuma ita za ta karɓi shugabancin ɗakin. Ba a koma goma sha biyu ba, kuma aiki har yanzu ya fi ƙarfin hannu. Amma tun da na fara ƙirga layin nan, bana ne karo na farko da ya ƙaru.

Na je na ba Mai Fensir haƙuri kan wata biyun nan. Ta ce ita ba ta ma lura ba, ta zaci haƙori ke damuna. Na miƙa mata sabon biro, na ce tunda sunaye sun fara tsayawa, a riƙa rubuta su da abin da ba ya goguwa.

Ta mayar mini a tafin hannu. Ta ce, "Nas ma tana ciwo, tana haihuwa, tana da uwa a kwance. Ranar da aka rubuta takardar nan da biro, ranar za su fara tafiya." A gabana ta ciro fensirinta, ya guntule bai fi ɗan yatsa ba, ta sa shi a aljihun Sau Ɗaya.

Sista, mun gode. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya hutar da ƙafafun nan naki. Ku da kuke shugabantar ma'aikata, a asibiti ne ko a ina, ku duba ku gani, mai son tafiya a raka shi da alheri, wanda ya zauna a tambaye shi me ke damunsa a gida. Mu iyaye kuma, in mun tarar da nas ɗaya a kan gado goma sha huɗu, mu fara da sannu da aiki kafin mu ɗaga murya.

Biron da kika ƙi karɓa, da shi na rubuta wannan. Naki sunan dai ba mai goge shi.